Kiɗa Ya Sauya, Rawa Ma Sai Ta Sauya



A bara, cikin zafin bazara, wata dattijuwa mai sayar da albasa a babbar kasuwar Malanbil ta zo ɗakin shan maganinmu. Shekarunta za su kai hamsin da biyar. Ta ce kanta yana sarawa ta wajen ƙeya, in ta miƙe tsaye sai ta ga duhu-duhu, barci kuma ya ƙaurace mata. Na auna jininta, awo ya nuna 18 a kan 11. Na bar ta ta huta na sake aunawa, bai sauka ba. Washegari ma haka. Daga 14 a kan 9 zuwa sama hawan jini ke nan, abin da muke kira tansiyo a nan. Likita ya rubuta mata ƙwaya. Ina cikin yi mata bayanin yadda za ta sha, sai na tambaye ta, "Inna, yaushe rabonki da tafiyar da za ta sa ki gumi? Yaushe kuma rabonki da waƙa?"

Ta dube ni ta yi dariya. Ta ce, "Malama, magani na zo nema, kin kawo mini wasan yara. Ni da jikoki bakwai, wace irin waƙa kuma?"

Da hira ta yi nisa, ita da kanta ta ba ni labari. A Garu ta tashi. Tun asuba su uku suke kan turmi ɗaya suna lugude, suna waƙa. Su je gulbi su ɗebo ruwa a ka, su je itace, da dare kuma in akwai farin wata a fita gaɗa. Yanzu jikarta ce ke kai hatsi inji. Kabu-kabu ke ɗaukarta daga ƙofar gida ya ajiye ta bakin rumfa, ta zauna kan kujera tun safe har magariba, ya dawo ya ɗauke ta. Tun da aka rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, ciniki ya ja baya, bashi ya hau kanta. In ta kwanta, lissafi take yi har carar zakara.

Saboda irin wannan Inna na rubuta wannan magana. Shekara ashirin ke nan ina aikin jinya, kuma ga abin da na tsaya a kai: motsa jiki da waƙa da natsuwar rai suna cikin abubuwan da ke riƙe lafiyar mutum, kamar ruwa mai tsabta da gidan sauro. Dā muna samunsu kyauta a cikin aikinmu na yau da kullum. Yanzu sun fara kuɓuce mana, sai mun nemo su da gangan. Amma su abokan tafiyar magani ne. Wanda ya jefar da ƙwayarsa don ya dogara gare su kaɗai ya saka ransa cikin haɗari.

Abin da inji da babur suka karɓe mana

Ba na kukan zuwan injin niƙa. Na yi daka da hannuna, na san yadda kafaɗa take kwana. Ba na kukan zuwan babur, don sau da yawa shi ke kawo mana mace mai naƙuda daga Madekali ko Tumbutu cikin lokaci. Waɗannan abubuwa alheri ne. Sai dai kowane ɗayansu ya ɗauke mana wahala, ya haɗa da wani abu mai amfani ya tafi da shi ba mu lura ba.

Ku tuna yadda aiki yake a dā. In an yi gayya, mai gangar noma yana bayan samari, kowa yana sara a kan kiɗa, har a gama gona ba a san rana ta yi ba. Mata suna da waƙar daka da waƙar niƙa da waƙar reno. Masu jirgi a gulbin Kwara suna tuƙi da baki ɗaya. Yara suna langa da tsere da kokawa a dandali. Babu wanda ya kira wannan motsa jiki, babu wanda ya kira shi maganin damuwa. Amma matar da ke waƙa a kan turmi tana aiki da hannu da baya da huhu, tana kuma fitar da abin da ke cin ranta game da kishiya ko uwar miji ta hanyar habaici, ƙawayenta suna amsawa. Kafin tuwo ya nuna, zuciya ta yi sanyi.

Yau dandali ya koma gaban talabijin da waya. Waƙa tana nan, har ta fi dā yawa, amma a cikin aljihu take, muna sauraro mu kaɗai, bakinmu a rufe, jikinmu a zaune. Abinci ma ya sauya: mai ya ƙaru, sukari ya ƙaru, dunƙulen magi uku huɗu a tukunya ɗaya bayan gishiri. Sakamakon yana bayyana a littafin awonmu. Binciken da Ma'aikatar Lafiya ta Benin ta yi a 2015 ya nuna kimanin babba ɗaya cikin huɗu yana da hawan jini. Da yawansu ba su sani ba, domin ciwo ne marar hayaniya. Ranar da zai yi magana, sai dai a ga baki ya karkace, hannu ya saki.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Zamanmu ya sauya. Abin da dā yake zuwa da kansa, yanzu sai mun ware masa lokaci.

Abin da motsi yake yi wa jiki

Zuciya tsoka ce, kamar ta damtse. In ana sa ta aiki daidai gwargwado tana ƙara ƙarfi, ta riƙa tura jini da yawa a bugu ɗaya, ba sai ta yi ta haki ba. Jijiyoyin jini su ma suna yin laushi su buɗe, jini ya wuce ba da matsi ba. Mai hawan jini da ya riƙe tafiya kullum, awonsa na sama yakan sauka da kamar rabin lamba ko ɗan fiye. Kada ku raina rabin lamba. Tsakanin 15 da 14 akwai mutane da yawa da suka tsira daga shanyewar ɓarin jiki.

Ga mai ciwon suga, naman jiki da ke aiki yana janye sukari daga cikin jini ya ƙone shi. Shi ya sa 'yar tafiya bayan cin abinci take da amfani. Ga tsoho, ƙarfin cinya da iya tsayuwa su ne ke raba shi da faɗuwa a makewayi, kuma mun san tsohon da ya karye a ƙugu sau da yawa ba ya sake tashi. Ga mai ciwon baya ko gwiwa, kwanciya kwana da kwanaki tana ƙara sandarar da gaɓoɓi. Motsi a hankali ya fi masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce babba yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Wato minti 30 a rana, kwana biyar. Yara kuma minti 60 kowace rana. Yaya za ka gane matsakaici? Ka yi tafiya da sauri har numfashinka ya ƙaru, jikinka ya yi ɗumi, kana iya magana da abokin tafiyarka amma ba ka iya jan waƙa. A minti 30 za ka ci kamar kilomita biyu da rabi. Ba sai ka yi shi a tashi ɗaya ba. Minti goma da safe, goma da la'asar, goma bayan tuwon dare, duk lissafi ɗaya ne. Rawa tana ciki. Tuka keke yana ciki, haka tuƙin jirgi da shara da ban ruwa a fadama.

Waƙa tana da nata aikin

A cikin Littafi Mai Tsarki akwai labarin Sarki Saul, wanda baƙin rai yakan taso masa ya hana shi sakat. Fadawansa suka nemo masa saurayi makiyayi, Dawuda, mai iya kaɗa garaya. Duk lokacin da abin ya taso, Dawuda ya kaɗa masa, sarki ya sami sauƙi. Martin Luther, wanda ikkilisiyarmu take ɗauke da sunansa, shi ma ya sha fama da baƙin ciki mai nauyi. Ya ɗauki kiɗa da waƙa a matsayin babbar baiwar Allah, kuma a 1534 ya rubuta wa wani makaɗi da damuwa ta kama, ya shawarce shi ya koma kan kayan kiɗansa ya rera waƙa maimakon zama da tunani.

Likitocin zamani sun auna wannan abu. A 2015 wata mujallar likitoci ta Ingila mai suna Lancet ta tattara gwaje-gwaje 73 da aka yi a kan mutane kusan 7,000 da aka yi wa tiyata. Waɗanda aka sa wa kiɗa kafin aiki, ko lokacinsa, ko bayansa, fargabarsu ta ragu, zafin da suke ji ya ragu, maganin kashe zafin da suka nema ma ya ragu. A 2019 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Turai ya duba bincike fiye da 3,000 a kan waƙa da rawa da sauran fasahohi, ya ce suna da gurbi wajen kare lafiya da wajen jinya.

Ni ma na gani da idona. Yaron da za a yi wa allura, in uwarsa ta rungume shi tana yi masa waƙar reno, kukansa ba ya kai na wanda aka danne. Mai ƙuna da ake wanke wa ciwo, in ana hira da shi ko rediyo na yi masa waƙar da yake so, yakan fi daurewa. Hankalin mutum ba ya iya riƙe abu biyu da ƙarfi ɗaya. In waƙa ta ɗauki rabi, zafi ya rage da rabin wuri.

Rerawa da bakinka ta fi sauraro. Mai waƙa dole ya ja iska da yawa ya sake ta a hankali, kuma wannan shi ne irin numfashin da ke kwantar da bugun zuciya. Rerawa cikin jama'a kuma ta fi rerawa kai kaɗai. Ku dubi Zumuntar Mata ranar da suka zo da tulu da caki gidan da aka yi rasuwa. Matar da ta kwana uku ba ta ci abinci ba, sai ka ga leɓenta ya fara motsi tana bin amshi, hawaye na zuba, daga baya ta karɓi kunu. Babu allurar da nake da ita a kabad da za ta yi wannan aikin.

Numfashi da yawan tunani

Mutane da yawa suna zuwa wurinmu da ciwon kai, da faɗuwar gaba, da zafin ƙirji, da jin kamar abu yana yawo a jiki. A auna jini, babu zazzaɓin cizon sauro. A duba ko'ina, lafiya lau. In ka zauna da su sai ka ji shinkafa ce ruwa ya cinye a ambaliya, ko ɗa ne ya tafi Kwatano shekara biyu babu labari, ko tsoron abin da ake ji yana faruwa a dajin da ke yamma da mu. Ciwon nan na gaskiya ne, ba ƙarya suke yi ba. In mutum ya tsorata, jikinsa yana sakin wasu sinadarai da ke sa zuciya gudu, jini ya hau, tsoka ta ɗaure, don ya iya gudu ko faɗa. Wannan yana da amfani in maciji ka gani. In bashi ne, babu inda za ka gudu, jiki ya kwana a ɗaure ya tashi a ɗaure, wata da watanni.

Ga wata dabara da nake koya wa majiyyata. Ka zauna ko ka kwanta inda babu hayaniya. Ka ɗora hannu a ciki. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, ka ji cikinka ya taso. Ka sake ta a hankali ta baki kana ƙirga ɗaya zuwa shida. Ka yi haka minti biyar, safe da dare. Fitar da iska a hankali tana aika wa zuciya saƙo cewa babu haɗari, sai ta rage gudu. Wanda yake so ya haɗa da addu'a ko ambaton Allah, ya haɗa. A ɗakin haihuwa ma haka muke yi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018 ta ba da shawarar a bar mace mai naƙuda da ba ta da matsala ta tashi ta yi tafiya, a taimake ta da numfashi da tausa da kiɗa in tana so.

Mutanen Indiya suna da nasu tsarin miƙe jiki da numfashi da suke kira yoga. Mutanen Sin suna da wani motsi na sannu-sannu da ake kira taici, wanda aka tabbatar yana rage wa tsofaffi faɗuwa. Wasu matasa suna ganinsu a waya suna tambayata. Amsata ita ce, miƙe jiki da numfashi a natse suna da amfani ko daga ina suka fito, kuma ba sai ka ɗauki addinin kowa ba kafin ka miƙe bayanka. Amma ba sai mun je nesa ba. Musulmin da ke takawa zuwa masallaci sau biyar a rana, ya yi ruku'u da sujada a natse, ya zauna ya yi tasbihi, da Kiristan da ke tashi da asuba ya yi shiru gaban Ubangiji ya rera zabura, ibada suke yi, don Allah suke yi. Jikinsu kuma yana samun rabonsa a ciki.

Abin da ake ce mini

Na farko, manoma sukan ce, "Malama, mu da muke wuni a gona, wane motsa jiki kuma?" Gaskiyarku. Wanda ke dashen shinkafa ko ban ruwan albasa, ko mai dako a kasuwa, ya cika nasa har ya wuce. Abin da yake bukata shi ne hutu, da ruwan sha, da miƙe baya, da koyon ɗaga kaya da gwiwa maimakon ƙugu. Amma ku duba gidanku da kyau. Akwai mai shago, da tela, da direba, da ɗan kabu-kabu da ke wuni a kan sirdi. Akwai matar da ba ta fita. Akwai Baba da aka ce ya huta, 'ya'ya sun karɓi gona, yanzu daga tabarma sai tabarma. Shi kansa manomi, in an gama girbi, wata nawa yake yi a gindin bishiya? Kuma aikin ƙarfi ba ya hana a auna jini. Na ga manoma ƙarfafa da awonsu ya kai 17.

Na biyu, kunya. Ana ganin babba ba ya rawa, ba ya sauri, kuma mai hali ba ya tafiya a ƙasa. In Alhaji ya ajiye babur ya taka zuwa kasuwa, sai a ce ko karayar arziki ce. Wannan tunani yana kashe mana manya. Ƙiba da zama wuri ɗaya mun ɗauke su alamar daraja, alhali kifi ma ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne. Wace kunya ce ta kai a ɗauke ka a kai ka makewayi? Matar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida, ta yi shara da sauri, ta yi daka sau biyu a mako ko da akwai inji, ta taka rawa da jikokinta a ɗaki inda babu mai ganinta.

Na uku, akwai waɗanda addininsu ko ra'ayinsu bai yarda da kiɗa ba. Ina girmama wannan, ba na kuma ce wa kowa ya saɓa wa abin da ya gaskata. Tafiya ba ta bukatar ganga. Karatu da murya mai daɗi, da waƙar da babu kayan kiɗa, da zama cikin jama'a, duk suna ba da irin wannan amfani.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi

Yanzu ga ɗaya gefen, kuma ina roƙo ku karanta shi da kyau.

Akwai wani magidanci, mai shekara arba'in da 'yan kai, da muke ba maganin hawan jini. Ya riƙe shan ƙwaya wata takwas, awonsa ya daidaita, ciwon kai ya tafi. Sai ya je wani taron kwanan addu'a, aka yi kiɗa da waƙa har asuba, jikinsa ya yi sakayau, aka ce masa ya warke, shan ƙwaya kuma rashin bangaskiya ne. Ya daina. Bayan wata huɗu aka kawo shi a kwance, ɓarin damansa ya shanye, magana ta ɗauke. 'Ya'yansa biyar.

Ni mai bi ce, na gaskata Allah yana warkarwa. Na kuma gaskata shi ne ya ba mutum hikimar haɗa magani. Jin daɗin jiki bayan waƙa gaskiya ne, amma ba shi ne awo ba. Hawan jini da ciwon suga ba a gane saukarsu da ji, sai an auna. Duk wanda ya ce maka ka bar ƙwayarka, fasto ne ko malami ko boka, ka ce masa ku zo tare a auna. In jini ya sauka har ya kamata a rage magani, likita zai rage, mu ma murna za mu yi.

Haka batun masu kai majiyyaci wajen goge da ƙwarya don a yi masa wasan iskoki. Ni ba na zuwa, bangaskiyata ba ta ba ni ba. Amma na fahimci abin da ke jan mutane: a can ana taruwa saboda majiyyaci, ana kiran sunansa, ba a barinsa shi kaɗai, abin da mu ma'aikatan asibiti sau da yawa ba mu da lokacin yi. Duk da haka akwai ciwon da ba ya jira. Yaro mai zazzaɓi da ya fara taune-taune ko ya suma, mai ciki da ta kumbura tana ciwon kai ko jijjiga, wanda bakinsa ya karkace ko hannunsa ya saki, wanda wuyansa ya sandare da zazzaɓi, waɗannan asibiti za a nufa da su nan take, ko tsakar dare ne. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta yawu, kuma kusan mutum bakwai cikin goma suna daina faɗuwa in suna shan magani yadda ya kamata. Wanda baƙin ciki ya kai shi ga cewa gara ya mutu, kada a ce masa ya yi waƙa kawai. A zauna da shi, a kawo shi.

Kiɗa ma yana iya cutarwa. Lasifikar biki da ake ƙure wa murya, da abin sauraro da matasa ke toshe kunne da shi wuni guda, suna kashe ji a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. In sai ka yi ihu kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. In ka koma gida kunnenka yana ƙugi, an riga an taɓa shi. Kada a zaunar da jarirai kusa da lasifika, a majami'a ko a gidan biki. Samarin da ke shan tiramol don su kwana suna rawa ko su ƙara ƙarfin aiki, su sani ƙarfin aro ne, yana kawo jijjiga, yana kama mutum ya kasa bari.

Wajen motsa jiki kuma a bi sannu. A garin nan zafin Maris zuwa Mayu yana wuce awo 40, don haka a fita da sassafe ko bayan la'asar, a sha ruwa. Mai azumi ya bari sai bayan shan ruwa. Mai ciwon suga ya sa takalmi, ya duba ƙafarsa kowane dare, ya riƙe ɗan dabino ko sukari a aljihu. Wanda awonsa ya kai 18 ya fara daidaita shi da magani kafin aikin ƙarfi. In ka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya gagara, ka tsaya ka zo a duba ka. Mai tarin da ya wuce mako biyu ya zo a gwada majinarsa kafin ya koma cikin mawaƙa, kuma a riƙa buɗe tagogi lokacin koyon waƙa.

Magidancin nan bai mutu ba. Wata rana matarsa tana yi masa wanka tana rera wata waƙar sujada da ya sani tun yana yaro, sai ta ji yana bi, kalma bayan kalma, shi da ba ya iya cewa "ruwa". Ta zo da gudu tana tambaya ko mu'ujiza ce. Na ce mata mu gode wa Allah, kuma abin sananne ne: wurin magana a ƙwaƙwalwa yawanci yana hagu, waƙa kuwa tana bi ta ɓangarorin biyu. Muka sa ta riƙa rera masa gaisuwa da sunayen 'ya'yansa da abubuwan da yake bukata, yana bi. Yau yana faɗin kalmomi kaɗan, yana takawa da sanda. Hannun bai dawo ba. Waƙa ta taimake shi ƙwarai, amma ƙwaya ɗaya a rana da ta raba shi da wannan duka.

Roƙona gare ku

Ga shugabannin ikkilisiya: kuna da abin da asibiti ba shi da shi, wato jama'a da ke taruwa kowane mako da son ransu. Kada lasifika da mawaƙa biyar su karɓe waƙa daga bakin jama'a. A rage ƙara, a bar kowa ya rera, a bar tsofaffi su tashi su taka. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa su sa ranar zuwa gaida marasa lafiya a ƙasa, su yi musu waƙa. Sau ɗaya a wata a gayyace mu bayan sujada mu auna jini. Kuma a faɗa daga bagade cewa shan magani ba rashin bangaskiya ba ne.

Ga limamai da masu unguwa da shugabannin 'yan kasuwa: in babba ya fara, na ƙasa ba ya jin kunya. Ku taka zuwa masallaci da kasuwa, ku ja abokanku. Ku bar wa yara fili su yi ƙwallo da langa da kokawa, 'yan mata su ma a bar su su yi gaɗa.

Ga kowane mai karatu: ka nemi abokin tafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda ya san ana jiransa a ƙofar gida ba ya komawa barci. Ka fara da minti goma. Ka rage gishiri da magi, don abin da babba ke bukata a yini bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Ka auna jininka ko ba ka jin komai. In ba ka iya karatu ba aka karanta maka wannan, ka gaya wa wani.

Inna mai albasa ta dawo bayan wata uku. Tana shan ƙwayarta kullum. Ita da maƙwabciyarta suna takawa zuwa kasuwa da safe, kabu-kabu sai da yamma in akwai kaya. Awonta ya nuna 14 a kan 9. Bai gama sauka ba, bashin ma bai gama biyuwa ba, amma ta ce tana samun barci. Na ce, "Inna, waƙar fa?" Ta rufe baki da gefen mayafi, ta ce jikarta ta kama ta tana yi a kan wanke-wanke, yanzu yarinyar ta dame ta sai ta koya mata.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Ranar awon jini a ɗakin shan magani, ku zo da katinku da sauran ƙwayoyinku, ku zo da wanda bai taɓa aunawa ba.